Akwatin Ƙarƙashin Gadon Malam Levi

Ranar da za a raba kayan Malam Levi, Damaris ta share tsakar gida sau biyu tun rana ba ta yi zafi ba. Ba datti ta gani ba, hannu ne kawai yake neman abin yi. Wata uku ke nan da binne mijinta, kuma a danginsu haka ake yi: idan mamaci ya cika wata uku, 'yan'uwa su taru, a yi addu'a, a fito da kayan jikinsa a shimfiɗa a tabarma, kowa ya ɗauki abin da zai riƙa tunawa da shi. Gida da gonar citta ba a taɓa su. Riga ce, takalmi, hula, irin abubuwan da suka saba da jikin mutum.

Ƙauyen yana can bayan Fadan Kagoma, kuma Damaris ba 'yar nan ba ce. Daga wajen Gwantu Levi ya auro ta, lokacin da aka tura shi koyar da kemistiri a wata sakandare a can. Shekara talatin da ɗaya suka yi a kwatas ɗin malamai, sai da ya yi ritaya suka dawo gida. Shekara tara ke nan, amma yaren ƙauyen bai zauna mata a baki ba, in ban da gaisuwa da sunan kayan miya. Allah bai ba su haihuwa ba. To kun san a wajenmu mace da sunan ɗanta ake kiranta. Ita da ba a sami sunan da za a jingina mata ba, sai aka ce Mama Ticha, ya bi ta.

Aka fito da kaya. Boaz, yayan Levi, wanda kuma dattijo ne a ikilisiya, ya ɗauki kwat ɗin Kirsimeti ya gwada, hannun rigar ya tsaya masa a rabin hanya, aka yi dariya. Wani ya ɗauki keke. Wani ya ɗauki rediyo. Damaris ta bi rediyon nan da ido har ya fita ƙofar gida, don shi ne yake yi mata magana da yamma tun da Levi ya tafi. Littattafai kam babu wanda ya kalle su.

Ana shirin tashi sai Yemima, ƙanwar Levi, shugabar masu addu'a a zumuntar mata, ta shiga ɗaki ta ga ko akwai sauran takalmi. Ta durƙusa ta leƙa ƙarƙashin gado. Sai ga ta tana jan wani tsohon akwatin ƙarfe, an lulluɓe shi da jan ƙyalle. A tsakar gida ta buɗe shi, gaban kowa.

"Jinin Yesu!"

Ta yi tsalle baya har ɗankwalinta ya zame. Mutane suka matso, suka leƙa, suka ja da baya. A cikin akwatin akwai dunƙulen yumɓu kamar ƙwan zabi, wasu ja, wasu baƙi, wasu fari, an huda su, an soke wasu da tsinken ƙarfe an haɗa su da juna. A ƙasa kuma ga fayafayai kusan ashirin, kowanne an ɗinka masa 'yan duwatsun wuya ja da baƙi a cibiya, an zagaye shi da jan zare layi-layi, an jera shuɗɗan duwatsu a kan layin, a ƙidaye.

Damaris ta ce, "Kayan makaranta ne. Da su yake koyarwa."

"Makaranta?" Yemima ta dafe ƙirji. "Matarmu, ni ma na je makaranta, har aji shida. Alli na gani, da allo, da bulala. Ban ga an soke laka da ƙarfe an ɓoye a ƙarƙashin gado ba. Da jan ƙyalle kuma!"

"Sito yana yoyo, shi ya sa. Ƙyallen kuma tsohon labule ne."

Suka juya zuwa yarensu, suna magana da sauri, ƙasa-ƙasa. Tana tsaye a tsakar gidanta kamar wadda ta zo tambayar hanya. Kalma biyu kawai ta kama, sunanta da kalmar da suke kiran haihuwa da ita. Ai kuwa sun ishe ta. Cewa suke, rashin ɗa ne ya kai su wajen boka.

Kada a ɗauka Yemima muguwa ce. Autanta ya shekara biyu yana kwance, ƙafa a kumbure, asibiti sun kasa faɗin abin da ke damunsa. Mai irin wannan nauyin duk inda ta leƙa dalili take nema. Tsoron da ke fuskarta ran nan na gaskiya ne.

Boaz ya gyara murya ya koma Hausa. "Mama Ticha, ba mu ce kin yi komai ba. Amma abu ya fito a idon mutane. Za a kai shi coci. Rabaran ya je taro, sai Asabar zai dawo. Lahadi bayan sujada komiti za su duba, a yi addu'a, a ƙone."

"A ƙone, Baba?"

"Haka ake yi."

Ta san haka ake yi. Bara ta ga an tara layu da ƙahonin wani tsoho a harabar coci, an zuba kananzir ana waƙa. Tun daga ranar babu mai ambaton mutumin ba tare da ya ƙara da "wanda aka ƙona kayansa" ba, har jikokinsa. Levi kuwa, da ya yi shekara tara yana karanta Littafi a gaban ikilisiyar nan da gilashinsa a kan hanci, ba ya nan balle ya buɗe baki. Idan wutar nan ta kama, sunansa ne zai ƙone.

Maza biyu suka ɗauki akwatin, kowa yana riƙe da shi nesa da jikinsa. A bakin ƙofa wani farin dunƙule ya faɗo ya gangara. Ɗayansu ya take shi da takalmi, ya murje.

Da gida ya watse, Damaris ta zauna a bakin ɗaki. Ga tabon da hannun keke ya bari a bango, ga ƙusar da ake rataye rediyo. Ta dafa shayi, ta ga ta zuba kofi biyu, ta mayar da ɗaya cikin buta. A kan kujerar Levi akwai faifai guda da ya tsira, don shekaranjiya ta fito da shi tana gyara zarensa. Ta ɗora shi a cinya.

Ita fa ta saƙa su duka. Abin ya faro ne wata yamma a Gwantu, shekarar aurensu ta uku. Levi ya dawo daga aji ransa a ɓace, ya jefar da jaka. Makarantar ba ta da kayan gwaji ko ɗaya, ya yi ta zane a allo, yara suna kallonsa kamar yana yabon wani sarkin da ba su sani ba. Ita tana saƙa faifan rufe tukunya. Ya tsaya yana kallon yadda saƙar take zagayawa layi bayan layi.

"Damaris, ba ni wannan."

"Ban gama ba, Ticha."

"Ba ni dai." Ya zauna a ƙasa kusa da ita. "Duk abin da kike gani, tukunyar nan, ke, ni, akuyar maƙwabta, da wasu 'yan ƙwayoyi aka gina shi, ido ba ya ganin su. Atam ake ce musu."

"Har da akuya?"

"Musamman akuya."

Ya ɗebo gyaɗa ya tara a cibiyar faifan, ya ce nan nauyin yake. Ya ɗebo masara ya jera a kan layukan, ya ce waɗannan su ne ilektiron, 'yan yawo, kullum suna zagaya cibiya. Layin farko biyu kawai yake ɗauka, kamar gaban mota. Na biyu takwas. Na uku ma, a iya inda yake koyarwa, takwas. Yawan 'yan yawon da jajayen ƙwayoyin cibiya shi ne ke bambanta wannan sinadari da wancan. Kuma duk wanda layinsa na waje bai cika ba, ba shi da kwanciyar hankali sai ya sami wanda zai ba, ko ya karɓa a wurinsa, ko su yi tarayya.

Ta ce, "To ashe aure ne."

Ya yi dariya har da tari. "Wani aure ne, wani ciniki, wani kuma ƙwace ne tsagwaronsa."

Daga nan aiki ya same ta. Ta saƙa ashirin, ta ɗinka duwatsu a madadin gyaɗa don kada ɓera ya ci ilimi. Daga baya ya ce yana son waɗanda yara za su haɗa da hannunsu, sai ta koma yumɓu. Ita ke dunƙulawa, ta huda da ƙusa tun yana ɗanye, ta gasa, ta shafa fenti. Shi kuma ya yanka wayar ƙafar tsohon keke. Fari rami ɗaya, haidirojin ke nan. Ja rami biyu, oksijin. Shuɗi uku, baƙi huɗu. Akwai wani rawaya da ya ce kada ta huda shi ko kaɗan.

"Shi wannan fa?"

"Ya ƙoshi. Ba ya neman kowa."

"Allah sarki. Ba ya gajiya da zama haka?"

"Ba a taɓa tambayarsa ba."

Yana da doka ɗaya: ba a mayar da farare cikin akwati ɗaiɗai. Sai an haɗa su biyu-biyu da tsinke, don a cewarsa haidirojin ba ya yawo shi kaɗai, in bai sami kowa ba ɗan'uwansa yake kamawa. Duk Juma'a da yamma su biyu suke zama su yi wannan haɗin, shi yana ba ta labarin aji, ita tana yi masa faɗan tsinken da yara suka lanƙwasa.

To amma wa ya san wannan a nan? Yaran da suka riƙe dunƙulen nan a hannu sun girma sun watsu, wasu Abuja, wasu Legas. Akwai lambar wayar uku daga cikinsu a bayan littafin waƙoƙin Levi. Ta kira. Biyu a kashe, ta ukun wata mata ce ta ɗauka ta ce ba ta san wani Ticha ba.

Ranar Alhamis ta naɗe faifan a zani ta hau mota zuwa Kafanchan. Ta tambayi wata mai gasa masara ina sakandare mafi kusa, aka nuna mata. Maigadi ya bar ta a benci kusan awa biyu, ruwa yana ɗiga daga bakin kwano kusa da ƙafarta, kafin ya kira mata malamin kemistiri. Wani siririn mutum ne, Malam Musbahu, alli har a gemunsa.

"Sannu Mama, lafiya? Ɗanki ne ya faɗi jarrabawa?"

Ta warware zanin. Ya karɓi faifan, ya juya shi, leɓensa yana motsi. Biyu, takwas, ɗaya. Ya taɓa shuɗin dutsen na waje, wanda aka maƙala da fil don a iya cire shi.

"Kai! Sodiyam! Mama, wa ya yi wannan? Har ana cire na wajen!" Ya ƙwala wa wani malami kira ya zo ya gani. Ya fito da waya ya ɗauki hoto ta gaba da ta baya. "Wallahi da ina da irin wannan da na huta da ciwon maƙogwaro."

Tun da aka binne Levi ba ta ji wani ya kira sunan nan na sodiyam ba. Sannan ta gaya masa komai. Ya saurara, ya yi salati, ya yi dariya, ya ga ita ba ta yi ba, ya daina.

"Lahadi ƙarfe nawa? Zan zo, Mama, in sha Allahu. Ko a bakin ƙofar cocin ne in tsaya in yi musu bayani."

Ta dawo da ɗan ƙarfinta. Asabar ta sayi lemun kwalba biyu, ta jiƙa acca, ta yanka ɗan zakaranta saboda baƙo.

Lahadi aka wayi gari da ruwa kamar da bakin ƙwarya. A coci bencin da take zama ya yi mata faɗi, matan da suke matse ta kullum sun koma gaba. Ana cikin waƙar baiko, ana zagayawa da kwanon sadaka, wayarta ta yi motsi a jaka. Ta fita baranda. Malam Musbahu ne, muryarsa tana yankewa. Babur ya mutu masa a hanya, ruwa ya shiga inji, yana tura shi ya koma gida. Ya ba ta haƙuri ya fi sau biyar. Ya ce ko a ba shi Rabaran a waya. Kafin ta amsa layin ya ɗauke, ta sake kira bai shiga ba.

Ta tsaya tana kallon ruwa yana zuba daga indararo. A ƙarshen barandar ta hango galan ɗin kananzir da ashana a kai, an riga an ajiye.

Bayan sujada aka taru a ɗakin komiti. Dattawa biyar, Yemima da mata uku na addu'a, sauran jama'a kuwa sun cika tagogi. Akwatin yana tsakiyar ɗaki a ƙasa, babu wanda ya yarda ƙafarsa ta kusance shi. Rabaran Patrick, wanda bai fi shekara biyu da zuwa ikilisiyar ba, ya yi addu'a, sannan ya ce a buɗe. Ya leƙa ya daɗe, ya karkata kai.

"Mama Ticha, an ce kina da shaida."

"Bai iso ba, Rabaran. Ruwa."

Wata daga taga ta ce, "Ruwa ya san abin da yake yi." Aka yi 'yar dariya.

A rayuwarta Damaris ba ta taɓa magana gaban dattawa ba, Levi ne mai magana, ita mai huda laka ce. Ta zaro tsohon littafinsa daga jaka, wanda bayansa ya cire aka ɗaure da roba, ta miƙa wa Rabaran.

"Ni ban iya karatun Turanci ba, kowa ya sani. A bangon ƙarshe akwai wani zane mai gida-gida, da lamba a kowane gida. Ka kira lamba daga ɗaya zuwa ashirin, duk wadda ka ga dama. A ba ni masara."

Yemima ta ce, "Rabaran, kada ka bari ya yi duba a cikin gidan Ubangiji!"

"Mama Yemima, zauna tukuna." Ya buɗe littafin, ya yi ɗan murmushin da bai shirya ba. "Wannan zanen na san shi. Sau biyu yana kayar da ni a jarrabawa. Shi ya kora ni makarantar Baibul."

Aka kawo masara a kofi daga buhun baiko. Damaris ta durƙusa, ta ciro wani faifai da ba a ɗinka wa komai ba sai layukan zare, ta ajiye a ƙasa.

"Shida," in ji Rabaran.

Hannunta ya riga bakinta. Biyu a layin ciki, huɗu a na waje. "Kabon. Gawayi ke nan, da baƙin gindin tukunya. Layin waje takwas yake so, huɗu gare shi, saura huɗu." Ta ɗauko baƙin dunƙule ta ɗaga. "Shi ya sa na huda masa rami huɗu. Ku ƙirga."

Babu wanda ya matso ya ƙirga. Rabaran ya bi shafin da yatsa, ya juya wani shafin, ya dawo.

"Takwas."

Biyu, shida. "Oksijin. Wanda muke shaƙa. Biyu suka rage masa." Ta ɗauki ja, ta raba farare biyu, ta soka ɗaya nan ɗaya can, a ɗan karkace yadda Levi yake so. Ta ɗora a tafin hannu. "Ga ruwa. Wanda yake zuba a waje yanzu, da wanda aka yi mana baftisma da shi, duk haka yake in da ido zai gani."

Rabaran ya sake duba shafin.

"Goma sha tara."

Ta jera. Biyu, takwas, takwas, ɗaya can waje shi kaɗai. "Fotasiyam. Baba," ta juya wajen Boaz, "buhun takin da kake zuba wa citta, akwai baƙaƙe uku manya a jikinsa. Na ƙarshen shi ne wannan. Na farkon lamba bakwai, na tsakiya goma sha biyar."

Boaz ya miƙa wuya. "Ka duba mini, Rabaran."

Rabaran ya duba, ya juya masa littafin. Boaz ya sa gilashi, ya ga baƙaƙen nan uku da ya shekara talatin yana saye, kowanne a gidansa da lambarsa. Ya cire gilashin a hankali.

"Ashe abin da muke biya da tsada ke nan," in ji wani dattijo. "Masara goma sha tara."

Wannan karon dariyar daban ce. Amma Yemima ba ta yi ba. Ta tashi tsaye, idonta ya cika da ƙwalla.

"Boka ma ya iya ƙirga. Ni ku gaya mini, me ya sa an soke su? Wa aka soke?"

Damaris ta kalle ta. Ta tuna ƙafar yaron nan da ta gani a kumbure kamar turmi. Ta ciro faifanta na jaka, ta laluba cikin akwatin ta samo wani mai duwatsu bakwai a layin waje, ta ajiye su gefe da gefe a gaban Yemima.

"Ba suka ba ce, Anti. Riƙe hannu ne. Dubi wannan, ɗaya ya yi masa yawa, yana ta fama da shi. Wancan kuma ɗaya yake nema. Cire fil ɗin ki mayar can."

"Ni? Allah ya kiyaye."

"To ni zan yi."

Ta cire shuɗin dutsen ta maƙala a ɗaya faifan. Takwas nan, takwas can. "Yanzu kowa ya cika, kuma ba sa rabuwa. Gishiri ke nan. Shi kika zuba a miya yau da safe. Yayanki ya ce ɗayan shi kaɗai wuta yake kamawa a ruwa, ɗayan kuma guba ne, amma da suka haɗu ga shi muna ci." Ta dafa akwatin. "Shekara kusan talatin yana ɗaukar akwatin nan a bayan keke. Babu wanda ya soke. Yara yake so su gane."

Yemima ta tsaya tana kallon fayafayan. Ba ta taɓa su ba. Ta koma ta zauna, ta rufe fuska da gefen mayafi.

Rabaran ya rufe littafin. Ya ce shi dai abin da ya gani a nan darasi ne, kuma da an koya masa haka da wataƙila yanzu likita ne, ikilisiya ta huta da dogon wa'azinsa. Ya ce ba za a ƙone komai ba, kuma Lahadi mai zuwa shi da bakinsa zai faɗa daga bagade abin da ke cikin akwatin Malam Levi, don wanda ya ji rabin labari ya ji sauran. Ya tambayi komiti ko akwai mai magana. Boaz ya ce babu. Ya ce a mayar da kananzir sito.

Aka yi addu'ar rufewa, mutane suka watse da sauri saboda an ɗan sami tsagaitawar ruwa. Suna tafe suna maganar a yarensu, ana dariya, tana jin ana maimaita "goma sha tara". Wasu mata biyu suka ce mata sannu daga nesa. Boaz ya tsaya a bakin ƙofa yana juya hularsa, kamar zai faɗi wani abu, sannan ya ce, "Za a turo wanda zai duba miki rufin siton nan." Ya tafi.

Ita ta ɗaure akwatin da jan labulen, ta yi gammo, ta ɗora a kai. Ya fi yadda ta tuna nauyi. Hanyar gida duk taɓo, tana tafe tana jin dunƙulen suna gogar juna a saman kanta.

A gida ga acca, ga naman zakara, ga lemu biyu a cikin bokitin ruwa. Ta ci kaɗan ta rufe sauran. Ta jawo tabarma bakin ɗaki inda haske yake, kusa da kujerar Levi, ta juye akwatin. An yamutsa komai, tsinkaye sun lanƙwashe. Ta miƙe su ɗaya bayan ɗaya da dutse. Ta mayar da shuɗin dutsen nan gidansa. Ta jera fayafayan daga ɗaya zuwa ashirin.

"An gama, Ticha," ta ce da kujerar. "Ban yi kuskure ko ɗaya ba. Da ka ga fuskar Baba."

Sannan ta shiga haɗa fararen biyu-biyu. Tana yi tana ajiyewa, har ta kai hannu ta ɗauko na ƙarshe, ta laluba tabarma ba ta sami abokinsa ba. Ta ɗaga zani, ta duba ƙarƙashin kujera. Sai ta tuna takalmin nan a bakin ƙofa.

Ta daɗe da shi a tafin hannu, ɗan fari mai rami ɗaya, fentinsa ya ɗan goge a gefe. Rawayan nan da ba a huda ba yana can kusurwar akwati, sumul kamar ranar da ta gasa shi. Ta kalle shi, ta kalli na hannunta. Ruwa ya sake saukowa a hankali.

Ba ta saka shi a akwatin ba. Ta ƙulle shi a bakin zaninta, ta ɗauki tsohuwar ƙwarya da fartanya, ta rufa buhu a kai, ta zagaya bayan gida inda jar ƙasa take da danƙo. Kafin sabon dunƙule ya bushe a wannan daminar zai kai mako biyu, ta san haka. Ta sunkuya ta fara haƙa.